Ruwan Da Ya Bi Ta Bayan Gidanmu: Tarihin Gasar Su Ta Argungu

Yau dai tarihi na kawo muku, sai ku yi haƙuri ku ɗan jingine labaran soyayya a gefe. Kuma wani yaro ne ya jawo wannan dogon zance.

Wata rana da daddare muna shan iska a tsakar gida a nan Talata Mafara, sai autana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, don Allah dubi abin da waɗannan mutane ke yi." Na karɓa na duba. Wani dogon dutse ne, fari fat da dusar ƙanƙara, ga wani mutum can a ƙololuwarsa kamar ƙuda, ya ɗaura wasu dogayen katakai biyu a ƙafafunsa. Kafin in buɗe baki sai ya sako kansa ƙasa, yana zamiya yana kauce wa duwatsu, in ya iske gaɓa ya yi tsalle ya dira can ƙasa ya ci gaba, dusar ƙanƙara na biye da shi kamar ƙurar dawaki ranar hawan Salla. Na ce wa yaron, "Kai, wannan mutumin yana da iyaye kuwa?"

Da na bi sawun abin daga baya, sai na gane ashe gasa ce mai tarihi. Garin sunansa Verbier, a ƙasar Suwizalan, ɗaya daga cikin garuruwan kan tsaunukan Alps da ke cin abinci da baƙi masu zuwa wasan zamiya a lokacin sanyi. Dutsen kuma ana kiransa Bec des Rosses, tsayinsa mita 3,223. A 1996 aka fara gasar a kansa, da sunan Xtreme Verbier. Da farko masu zamiya da allo guda ne kaɗai ke shiga, sai a 2004 aka buɗe ƙofa ga masu katakai biyu. A 2008 aka haɗa gasar da wasu irinta a wasu ƙasashe, aka kafa zagayen duniya mai suna Freeride World Tour, Verbier ya zama wurin wasan ƙarshe. A ƙarshen 2022 kuma hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta karɓi ragamar zagayen.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokokinsu. Ba a share wa kowa hanya, ba a kuma yarda ɗan wasa ya gwada saukowa kafin ranar gasa. Sai dai ya tsaya daga nesa da madubin hangen nesa ya karanci dutsen, ya zaɓi hanyarsa a zuci. Alƙalai ba sa duba wanda ya riga wani isowa. Wuyar hanyar da mutum ya zaɓa suke dubawa, da yadda ya mallaki jikinsa, da kyan tsallensa. Sannan ba a yanke rana guda, ana ware 'yan kwanaki ne a jira dutsen ya ba da fuska. A 2023 haka aka yi ta jira har aka haƙura aka soke wasan ƙarshen, saboda dusar ƙanƙarar ba ta zauna yadda za a amince da ita ba.

Da yaron ya karɓi wayarsa sai ya ce, "Baba, mu me ya sa ba mu da irin wannan?" Na yi shiru. Ƙanƙara kam ba mu da ita. Amma wurin da jaruntaka da sanin halin ƙasa suka mayar da shi matattarar duniya, muna da shi, kuma ya girmi na Verbier da shekara 62. Ruwan da ake yin tamu gasar a cikinsa ma, wani sashensa ta bayan gidanmu yake wucewa.

Gasar da sulhu ya haifa

Mai karatu, in ka ɗauki taswira ka bi Gulbin Sakkwato da yatsa, za ka ga ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato. Daga nan sai ruwan ya karkata kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. A Argungu akwai wani sashe na wannan ruwa da ake kira Matan Fada. A nan ake yin gasar.

Kabawa mutanen ruwa ne tun fil azal. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, shi ne ginshiƙin daularsu. A 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi, amma wani ɓangare na Kabawa ya ƙi miƙa wuya, daga baya suka kafa hedikwatarsu a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, aka koma fagen fama. An ɗan sami sararawa a zamanin Sarki Abdullahi Toga, sulhun da ake kira Lafiyar Toga, amma bai daɗe ba. Haka aka yi ta kai ruwa rana tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu kusan shekara 100, har Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Turawa sun hana yaƙi, amma abin da ke cikin zukata bai fita ba.

Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa ya je Argungu ziyarar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. To, me za a nuna wa babban baƙo irin wannan? Dawaki dai Sakkwato ta fi kowa. Sai Kabawa suka ɗauko abin da babu mai ja da su a kansa, wato ruwa. Aka tara masunta aka yi gagarumin su a gaban Sarkin Musulmi. Daga wannan rana ake lissafin tarihin bikin.

Kada mai karatu ya ɗauka a ranar aka ƙirƙiri komai. Tun kafin nan Kabawa na da al'adunsu na shekara-shekara: gyaran ruwa, da fashin ruwa wanda shi ne buɗe lokacin su, da gyaran gari, da shan kabewa. Suna da Sarkin Ruwa mai kula da gulbi, suna da Homa shugaban masunta. Abin da 1934 ta ƙara shi ne baƙi. Al'adar cikin gida ta zama abin da ake gayyatar na waje su zo su gani, har su shiga.

Mu kuwa nan ƙasar Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, a wancan zamani ƙarƙashin Sakkwato muke. Ke nan a lissafin da, mu ɓangaren abokan gaba ne. Don haka duk wani masuncinmu da ya saɓa homarsa ya je ya faɗa ruwan Matan Fada ya dawo lafiya, albarkacin wancan sulhu ya ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Ranar da na bi Kawu

Ƙanen mahaifiyata masunci ne a wani ƙauye na ƙasar Bakura, Allah ya jiƙansa. Ina ɗan shekara 11, a ƙarshen shekarun 1970, ya roƙi mahaifina ya bar ni in raka shi Argungu in riƙe masa kaya. Lokacin duk jiha ɗaya muke, Jihar Sakkwato. Sai a 1991 aka yanke Kebbi, a 1996 aka yanke Zamfara. Muka hau bayan wata babbar mota muka bi ta Tureta da Dange da Shuni muka kwana Sakkwato, washegari muka ƙarasa sauran tafiyar ta kusan kilomita 100.

Kayan Kawu biyu ne kacal: homa guda biyu, wato ragar hannun da mutanen gabas ke kira koma, da wani ƙaton gora mai baki a sama. Goran nan shi ne jirginsa, shi ne kuma rumbunsa. A kansa yake kifa ciki ya yi iyo, hannuwansa na riƙe da homa, in ya kama ƙaramin kifi ya jefa ta bakin. Har gobe da waɗannan kaya ake shiga gasar, ba a yarda da ƙugiya ko babbar raga ba.

Kafin ranar babban su sai da muka sha kallon kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa: tseren kwalekwale, da tseren iyo, da nutso don a ga wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu tsura. A tudu kuma ga kokawa ga dambe. Amma Kawu duk wannan bai dame shi ba. Da yamma sai ya ja ni bakin gulbi ya tsuguna ya yi shiru yana kallon ruwa. Na ce, "Kawu, me kake kallo?" Ya ce, "Yaro, ruwa magana shikai. Inda kag ga ya yi duhu ya kwanta, nan gurbi ya ke, nan manya ka kwana." Shekara fiye da 40 bayan nan, da na karanta yadda mutanen Verbier ke tsayawa da madubin hangen nesa suna karantar dutse, wallahi Kawu na tuna a tsugune.

Dalilin wannan kallo daga nesa shi ne, sashen da ake gasar a cikinsa a rufe yake duk shekara, ba mai jefa raga sai ranar biki. Ta haka kifi ke samun sakewa ya girma. Kabawa na cewa Sarkin Ruwa kan yi wa kadoji magana su kauce har a gama. Ni dai abin da idona ya gani shi ne dubban mutane sun shiga sun fito ba wanda kada ya taɓa.

Da safiyar ranar aka jera masunta nesa da gaɓa, kowa da homa a hannu da gora a kafaɗa. Aka harba bindiga. Jama'a, ban taɓa jin ƙasa ta girgiza irin ta ranar ba. Dubban ƙarti suka kwasa a guje suka afka ruwa, cikin ƙiftawar ido gulbi ya koma kunu. Makaɗa a cikin kwalekwale suna ta kiɗa suna kaɗa kifi zuwa inda ba zurfi. Awa guda ake bayarwa. Wanda kowa ke nema shi ne giwan ruwa, domin shi ne kifin da kan kai nauyin babban mutum. Kamunsa kuwa ba wasa ba ne: sai ka nutse cikin ruwan da ba ka ganin tafin hannunka, ka lalubo shi, ka rufe shi da homa, sannan ku yi kokawa, ga ƙafafun mutane ta ko'ina a kanka.

Kawu bai ci gasa ba. Ya fito da wani matsakaicin giwan ruwa da tarwaɗa biyu, ga ƙafarsa na jini. Amma ya sayar da kifin ya saya mini hula, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa labarin ranar bai bar bakinsa ba.

Da gwamnati ta shigo

Sannu a hankali biki ya fi ƙarfin masarauta ita kaɗai. A 1970 Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaban Nijar Diori Hamani, daga nan sunan Argungu ya ƙetare iyaka. Aka gina ƙauyen biki da masaukin baƙi, aka ƙara baje kolin amfanin gona, kamfanoni suka shigo da tallace-tallacensu, kyauta ta tashi daga riga da 'yan kuɗi ta koma mota da kujerar Makka. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi zuwa kan sikeli.

Amma inda kuɗi ya shiga, son zuciya na biye. A 2008 aka ba wani mutum kyautar farko, daga baya bincike ya nuna kifin nasa ba a Matan Fada aka kama shi ba, matacce aka shigo da shi. Aka karɓe kyautar. Bayan bikin 2009 kuma sai abin ya tsaya cak har shekara 10, galibi saboda taɓarɓarewar tsaro a Arewa. Abin mamaki, a cikin wannan hutun ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wato an ba shi lambar girma a lokacin da ba a yin sa.

A watan Maris na 2020 aka dawo da shi, aka kama kifi mai kilo 78. A wannan watan ne cutar korona ta sa aka soke wasan ƙarshe a Verbier. Mu Allah ya sa mun sha da ƙyar kafin a rufe gari. Daga nan aka sake yin shiru har zuwa Fabrairun 2026, inda kifi mai kilo 59 ya zo na ɗaya. Mai karatu ya lissafa da kansa: bikin da ake kira na shekara-shekara, sau biyu aka yi shi a cikin shekara 17.

Inda zancen ya dawo gida

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce ruwan ta bayan gidanmu yake bi. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara. Tsawon bangon ya haura kilomita 5, tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin murabba'i mai zurfi. An tashi dubban mutane, tsohuwar Maradun ma sai da aka sauya mata mazauni. Rikicin diyya da rabon gonaki ya yi ta ruruwa har ranar 28 ga Afrilu, 1980, lokacin mulkin Shugaba Shehu Shagari, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuwa suka ce sun haura 300. Wannan babi ne mai zaman kansa, kuma duk ɗan wannan yanki da ya kai shekaruna ya san gidan da aka yi zaman makoki.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne abin da ya sami na ƙasa da madatsar. Kifin gulbi da ambaliya yake rayuwa. In damina ta yi nisa ruwa ya cika ya malala cikin fadama, sai kifi ya bi shi ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai. A nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. In ruwa ya fara janyewa da kaka sai su biyo shi su koma gulbi, wasu su maƙale a tafkuna su zama rabon masunta da rani. Giwan ruwa kuma da waɗannan ƙananan yake ƙiba, shekara da shekaru, kafin ya kai girman da za a ɗora shi kan sikeli a gaban sarki. To in aka tare ambaliya, ka ga an taɓa tushen abin gaba ɗaya.

Wani Bature masanin ƙasa, William Adams, ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya buga sakamakonsa a 1985. Ya nuna ambaliya ta ragu ƙwarai, dubban hektocin fadama da ake noman shinkafa sun koma na gero da dawa, noman rani ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, masunta da dama sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Kawu bai san da wannan bincike ba, amma na ji ya faɗi irinsa a taƙaice wata rana da muka tsaya bakin gulbi da rani: "Wanga gulbi ba wanda munka sani ba na." Ba da daɗewa ba ya rataye homarsa a zaure ya koma noman albasa.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Bakolori ta ciyar da mu. Shinkafar da ake nomawa da rani a Mafara da Bakura da ruwanta ake yi, tafkin kansa ya samar da wani sabon wurin su, ni kaina da kuɗin wannan shinkafa na yi karatu. Kuma ba ita kaɗai ta rage ruwan da ke isa Argungu ba: ga madatsar Goronyo da aka kammala a kan Rima a 1984, ga farin shekarun 1970 da 1980, ga yashi da ke cike gurabe, ga raga mai ƙananan ido da ke kwashe kifi tun yana jariri. Ba na kuma cewa kilo 59 na 2026 hujja ce a kan kilo 78 na 2020, domin sa'ar rana ɗaya ba ta zama ma'auni. Abin da nake cewa shi ne, gulbi ɗaya ne daga Funtuwa har Kwara, abin da muka yi masa a nan sai ya isa can.

Abin da na gaya wa yaron

Mutanen Verbier sun san arzikinsu a kan dusar ƙanƙara yake, shi ya sa ɗumamar yanayi ke hana su barci, shi ya sa kuma in dutse ya ƙi, suke haƙura su koma gida. Arzikin Argungu a kan ruwa yake. Ana iya gina masauki, a kawo manyan baƙi, a jera motocin kyauta, amma ba mai iya ƙera giwan ruwa mai kilo 70 a ofis. Sai an bar wa fadama rabonta na ambaliya, an yashe gurabe, an hana kama 'ya'yan kifi. Wannan aiki ne da ya wuce Jihar Kebbi ita kaɗai; da Zamfara da Sakkwato da hukumar da ke kula da madatsun nan duk da hannunsu a ciki.

Akwai kuma hanya. Tafiyar da na yi da Kawu a bayan mota, ba fargabar komai sai ta ƙura, yau uba zai yi tunani sau bakwai kafin ya bar ɗansa ya yi ta. 'Yan bindiga sun raba mutanen Maradun da Bakura da Mafara da gonakinsu da bakin gulbinsu na tsawon shekaru. Yaron da bai saba da gulbi ba, yaushe zai koyi karanta shi? Bikin da sulhu ya haifa a 1934 ba ya rayuwa sai da zaman lafiya, kuma tsayawar da ya yi ta yi shaida ce.

Homar Kawu na nan a zauren gidansu, zaren ya ruɓe amma itacen lafiya lau. Na yi wa autana alkawarin in Allah ya kai mu hutu zan kai shi ya gan ta, in kuma hanya ta yi kyau a shekarar da aka sake buga bindiga a Matan Fada, tare za mu je. Ya ce, "Baba, ni ma zan shiga?" Na ce ya fara koyon iyo tukuna.

Masu karatu na Argungu da Augi da Birnin Kebbi, ku ne masu abin; in akwai dattijon da ya ga bikin a zamanin Sarki Muhammadu Mera, a zauna da shi a rubuta abin da ya gani tun yana raye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.